Ɗigon Jinin Baba a Na'urar Rawiya

Mu biyu ne kawai muka san abin da ke cikin hantar Baba, ni da Mama. In an haɗa da likita mu uku ke nan, amma shi ba a gidanmu yake kwana ba.

Bayan ƙaramar Sallah ne likitan ya ja ni gefe, ya tura ƙofa, ya faɗi sunan ciwon. A garinmu ba a faɗin sunan nan. Mugun ciwo ake cewa, a bi shi da neman tsari. Kuma ba a gaya wa mai shi. Wa zai dubi tsabar idon mahaifinsa ya ce masa ga abin da ke cin sa? Jin labarin ma kan kashe mutum kafin ciwon ya kashe shi. Haka aka yi wa kakarmu, ta koma ga Allah tana zaton gyambon ciki ne, hankalinta kwance. Har gobe ban ga laifin hakan ba, mai shirin yi min wa'azi ya adana yawunsa.

Muka ce wa Baba kitse ne ya taru masa a hanta, za a ɗan wanke ta ranar Lahadi. Gaskiyar magana, magani ne za a zura ta jijiya har cikin ƙarin da ya fito masa a hantar, kuma likita ya gaya min ƙarara cewa in Lahadin nan ta wuce, kafin a sake samun gado ƙila ba sauran abin yi. Kafin in sami gadon nan sai da na yi ta sintiri a asibiti har masu gadi suka san sunana. Shawo kan Baba kuwa ya fi samun gadon wuya. Hajji Metwalli ne fa, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan jirgin ƙasa daga Alƙahira zuwa bakin teku, kuma a wurinsa asibiti wuri ne da ake shiga da ƙafa a fito a kafaɗun mutane. Sai da Mama ta yi kuka, ni na durƙusa na sumbaci hannunsa, sannan ya ce to, yana huci.

Autarmu Rawiya ma ba mu gaya mata ba. Ranar Alhamis, kafin Lahadin, za ta tsaya gaban malaman jami'a ta kare digirinta na dakta, bayan shekarun da ta kwashe tana kwana tana tashi a kan wata 'yar na'ura. Mama ta ce, "Bar min yarinya ta gama, Tahani. In ta ji yanzu ko sunanta ba za ta iya faɗa ba." Na ga gaskiyarta. Da Rawiya ta yi maganar ramar Baba, na ce mata likita ne ya hana shi maiƙo. Kanta na cikin littafi, ta yarda.

Abin dariya, ko in ce abin kuka, na'urar nan ba abin da take nema a duniya sai alamar mugun ciwon hanta a cikin jini. Ba ta fi wayar hannu girma ba. Ana zura mata wani siririn falle mai ruwan zinariya a baki, a ɗiga jini a kai. In alamar na cikin jinin sai ta maƙale a jikin zinariyar, lantarki ya ji ta, fitila ta yi ja. In babu, ta yi kore. Iyakar abin da na gane ke nan, ni da ke koyar da 'yan aji uku lissafi.

Ranar Alhamis muka cika zauren maƙil, dangin uwa da na uba, har da maƙwabtan da ba wanda ya gayyata. Farantan kek ɗin basbusa jere a ƙofa, jan sharbat a manyan kwalabe, furanni kamar za a buɗe shago. Baba ya sa sabuwar jallabiya mai ruwan toka, ya rataya farin mayafi a wuya, ya hakimce a layin farko. Duk abin da Rawiya ta faɗa da Turanci sai ya gyaɗa kai, kai ka ce da shi aka rubuta.

Komai na tafiya daidai har aka zo kan malamin da aka gayyato daga Alƙahira, Dakta Wagih, wani siririn tsoho mai son a yi dariya in ya yi magana.

Ya ce, "'Yata, kin cika mu da hotuna da layuka masu hawa da sauka. Hoto ko jikata ta iya zanawa. Ga abar nan a kan tebur, ko don ado aka kawo ta? Kunna mana mu gani."

Rawiya ta shirya wa wannan. Ta ciro wata 'yar kwalba daga cikin ƙanƙara, jinin wani majinyaci irin wanda asibiti ke ba su don gwaji, ta ɗiga. Fitila ta yi ja. Aka tafa. Ta ce yanzu kuma na mai lafiya, ta miƙa yatsanta za ta soka.

"A'a, a'a," in ji Dakta Wagih. "Ke da ita kun saba, ta san ki kin san ta. A ba mu baƙo daga cikin jama'a."

Ban ankara ba sai na ga Baba a tsaye.

Na cafko hannun rigarsa. "Baba, zauna, ni zan je."

"Ke? Ke da kike suma in ana yanka kaza?" Da muryar nan tasa ta yi wa fasinja tsawa ya faɗa, zauren ya kwashe da dariya. "Sake ni, Tahani. Jinin da ya haifi dakta shi za a gwada."

"Hajji, dawo mana, hawan jininka fa," in ji Mama.

"Ɗigo ɗaya ne, Hajja, ba layya za a yi da ni ba."

Ya hau dandamali yana ɗaga wa mutane hannu. Mama ta nutsa min farce a cinya, ban ko ji zafi ba. Abin da muka yi ta binnewa tun Sallah, ga shi za a tone shi a gaban duniya, kuma da hannun yarinyar da muka ɓoye wa. Na roƙi Allah a ɗauke wuta, na manta abar da batir take aiki.

Rawiya ta sumbaci hannunsa kafin ta soka, aka sake tafi. Ta zuƙi jinin da wani siririn bututun gilashi, ta ɗiga kaɗan a kan fallen, ta ajiye sauran a gefe. Na'urar ta shiga ƙiftawa. Na runtse ido.

Guɗar Mama ce ta buɗe min shi. Na san guɗar Mama, na ji ta a bikina, na ji ta a sunan 'ya'yana, amma wannan daban ce, rabinta ihu ne. Na dubi tebur. Kore. Kore shar.

Na zauna baki buɗe. Baba ya ɗaga yatsa yana nuna wa jama'a ta ko'ina, Dakta Wagih na cewa, "Hajji, hantarka ta fi tawa, ko za mu yi musaya?" Ba a jima ba malaman suka ba Rawiya digirin da yabo mafi girma, ni kuwa ko kalma ɗaya ban ji ba. Ni fa na ga hoton ƙarin nan da idona, likita ya zagaye min shi da bakin biro. To ina ya tafi?

A baranda ana ta rabon basbusa ana ɗaukar hoto, sai Baba ya yafito ni da yatsan nan mai auduga.

"Ki buga wa likitanki waya ki ce ya ba wani gadon. Lahadi ba inda za ni."

"Baba, me ya haɗa wannan da wancan? Ita ciwo ɗaya tak take nema. Kai kitse ne da kai."

"To kitse ai ba gobara ba ce. In bar cin gurasar fatir da man shanu, shi ke nan. Kin taɓa jin an kwantar da namiji saboda kitse? Dama tsorona kada a ce wancan ne, mugun, Allah Ya tsare. Tunda 'yata ta ce babu a gaban manyan malamai, likitanki ya riƙe allurarsa."

Na juya wurin Mama don ta kama min. Sai ta ja ni bayan ginshiƙi, fuskarta sharkaf da hawaye, tana wani murmushi da rabona da ganinsa tun azumi.

"Allah Ya amsa, Tahani. Na yi bakancen rago in Ya ɗauke masa, ga shi Ya ɗauke."

"Mama, likita ya ce..."

"Likita ba mutum ba ne? Ba su suka ce wa matar Ammu Ramzi, baffanki, ba za ta haihu ba? Ga ta can da biyar. Ƙanwarki ma yanzu dakta ce, wa ya fi ta? Kada ki kai min miji a huda shi a banza."

Nan ne tsoro na gaskiya ya kama ni. Da mu biyu ne ke tura shi asibiti, yanzu saura ni kaɗai. Kuma ni kaina wani ɓangare na zuciyata ya fara cewa, ko dai? Wa ba ya so a ce masa mafarki yake? Amma da na waiga na ga yadda sabuwar jallabiyar ke lilo a kafaɗunsa, sai na haɗiye wannan tunanin.

Na kutsa cikin masu hoto na kamo hannun Rawiya, baƙar rigar digiri a jikinta, furanni rungume a ƙirji.

"Abla, lafiya? Jirana fa ake." Abla take kirana, wato Yaya.

"Tattaro kayan na'urarki ki biyo ni."

Muka hau bene zuwa ɗakin bincikensu. Na tura ƙofa na gaya mata, ban yi wani kwana-kwana ba. Dariya ta fara yi. "Abla, wane irin wasa ne wannan?" Da ta dubi fuskata da kyau sai furannin suka zube ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan Sallah."

"Tun bayan Sallah! Ina cin abinci da shi faranti ɗaya, ina masa tsiya wai ya rage tumbi zai koma saurayi, ku kuna kallona?"

"Da mun gaya miki da yau kina ina? Ajiye fushin nan, gobe ma rana ce. Na'urarki ta ce lafiyarsa ƙalau, ya ce ba zai je asibiti ba, Mama ta goya masa baya. Gaya min, warkewa ya yi ko abarki ce ta yi ƙarya?"

"Ba ta ƙarya. Jini nawa na gwada, ba ta taɓa..." Sai ta juyo ta dube ni. "Da aka auna alamar a asibiti me suka ce? Ta ɗan hau ne?"

"Likita cewa ya yi ta wuce inda injinsu ke ƙirgawa, sai da suka sake awon."

Ban taɓa ganin jini ya bar fuskar mutum da sauri haka ba. Ta dafa tebur tana salati. Sai ta ɗauko bututun gilashin nan mai sauran jinin Baba, ta ɗiga a cikin wata kwalba mai farin ruwa, ta girgiza. Ta ɗebi ɗigo daga nan ta zuba a wata kwalbar, ta sake girgizawa.

"Me kike yi haka? Kin tsinka shi ya koma ruwa, me zai rage a ciki?"

"Jinin da asibiti ke ba mu a tsinke yake zuwa, Abla. Kullum. Ƙa'idarsu ce, mu ma mun saba har mun daina tunawa da ita. Ɗanyen jini kai tsaye daga yatsa, na masu lafiya kaɗai na taɓa ɗigawa, nawa da na ƙawayena." Ta share ido da hannun rigar digirin. "Kin san ƙofar jirgi ranar jajibirin Sallah? In mutane suka yi yawa suka cushe a ƙofa, ba mai iya shiga. Wanda ke ciki yana ƙirga masu shigowa sai ya ce ba fasinja a tashar."

Ta zura sabon falle, ta ɗiga ruwan nan da ko launin jini babu a cikinsa. Na'urar ba ta ma tsaya dogon ƙiftawa ba. Ja. Lambobi suka yi ta hawa suna korar juna har suka cika gilashin.

"Wannan fa bayan na tsinka shi ne," in ji ta a hankali. "Ba kaɗan ba ne, Abla. Yawansa ne ya makantar da ita."

Na sulale na zauna a ƙasa da sabuwar rigata. Na shigo ɗakin nan da zaton ɗaya cikin biyu, ko Baba ya warke, ko na'ura ta lalace. Ban taɓa kawowa akwai na uku ba, cewa koren da aka yi wa guɗa shi ne labari mafi muni.

"Sai an gaya masa," in ji Rawiya.

"Ba mai gaya masa. Ki ce batir ne ya yi sanyi, ki ce sai an tabbatar a asibiti, ki ƙirƙiro wani abu mana, ba ke ce mai ilimin ba?"

"Ya ga kore da idonsa a gaban jama'a. Ko limamin Juma'a kika kawo ba zai saurare shi ba. Kuma sai na sauka na tare Dakta Wagih kafin ya shiga mota. In aka kai abar nan ƙauyuka a haka, waɗanda suka fi kowa ciwo su za ta riƙa sallama gida."

"Ki rabu da ni da zancen ƙauyuka! Maganar ubanki nake miki!"

Sai ƙofa ta buɗe. Baba ne, kofin sharbat ɗaya a kowane hannu, yana haki saboda benen.

"Ga ku nan, 'yan gulma. Mai hoto na ta jira, ku kun ɓuya kuna ƙus-ƙus." Idonsa ya sauka a kan jar fitilar, murmushinsa ya ragu. "Subhanallahi. Wannan kuma na wane bawan Allah ne? Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba iyalinsa haƙuri."

Na yi caraf na ce, "Na asibiti ne, Baba."

"Naka ne, Baba," in ji Rawiya.

Da tana kusa da ni da na wanke ta da mari, da digirin nata da komai.

Baba ya ajiye kofunan a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ta yi masa bayanin cunkoson ƙofa, shi kuwa ya fi ni saurin ganewa. Ya miƙa mata wani yatsan.

"Sake. A gabana."

Ta soka, ta tsinka, ta zura sabon falle, yana bin hannunta da ido. Da fitilar ta yi ja ya ja doguwar kujera ya zauna, ya daɗe yana kallonta. Fuskarsa ta zama ta wani tsoho da ban sani ba.

"Mene ne sunansa? Ke aka gaya wa, Tahani."

"Baba, mugun..."

"Sunansa na ce."

"Ciwon daji ne. Na hanta." Ranar ce kalmar ta fara fita daga bakina, kuma ji na yi kamar ni na sa masa.

"Lahadin nan dama ba wankin kitse ba ne."

"A'a, Baba."

"Uwarku ta sani?"

Na gyaɗa kai.

"Shi ya sa," in ji shi. "Tun muna amarya da ango matar nan take min faɗa kan sigari, rana ɗaya ta daina. Ke ma kin daina min gardama, in na ce rana daga yamma take fitowa sai ki ce haka ne, Baba. Ni kuma ina ta jin daɗi, na ce a ƙarshe dai na tsufa, an fara ganin girmana a gidana."

Maganar nan ta fi duka zafi. Na kifa kai a gwiwa na yi kukan da nake ta haɗiyewa tun Sallah, Rawiya na yin nata a tsaye.

Daga ƙasa muka sake jiyo guɗar Mama. Baba ya tashi ya leƙa ta taga. Tana tsakiyar tsakar jami'ar da faranti a hannu, tana tura wa duk wanda ya gifta basbusa, har da ɗaliban da ba ta taɓa gani ba.

"Ita yanzu a wurinta na warke ke nan?"

"Eh, Baba."

Ya gyara mayafinsa ba tare da ya juyo ba. "Zan je ranar Lahadi. Kuma da ni likitan zai yi magana, ba da ke a bayan ƙofa ba. Rawiya, je ki tare tsohon nan ki gaya masa, in ya so ya karɓe rigar, in ya so ya bar miki. Amma uwarku, ba mai gaya mata. Ta ɗauki nata rabon. A bar ta ta yi barci."

"Baba, ai za ta gani da idonta," in ji Rawiya.

"In ta gani ta gani, amma ba daga bakinku ba. Tahani, ke kin ƙware, ki koya wa ƙanwarki."

Muka wanke fuska a famfon ɗakin. Rawiya ta bi ta ƙofar baya wajen motoci, ni da Baba muka sauko. A kan benen ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba, amma muna isa ƙasa ya sake ni ya miƙe ƙyam.

"Hajja!" ya ƙwala mata kira tun daga nesa. "Na fasa fasawa. Zan je wajen likitan nan ranar Lahadi, don in rufe wa Tahani baki. Ta ishe ni."

Mama ta yi dariya har da tafa hannu. "Je ka, Hajji, je ka su gani da idonsu su ji kunya." Sai ta matso kusa da ni, ta kama haɓata tana leƙa fuskata, ta yi ƙasa da murya don kada ya ji. "Ke kuma me ya sami idonki? Kowa ya yi guɗa ban da ke. Ba ki murna ne ubanki ya warke?"

Baba na tsaye a bayanta, yana kallona ta saman kanta.

Na ɗora hannu a kan leɓena, na cika ƙirji da iska, na yi guɗar.